Ludayin da Na Miƙa wa Wadi

Talata, 7 ga Satumba, 2021

Murni, matar ɗana, ta sauka lafiya da hantsi. Mace. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Na rubuta sau biyu.

Ɗana Wadi ya fara yi mata kiran salla a kunne, ya tsaya a tsakiya, ni na ƙarasa. Na zama kaka ina da shekara sittin da uku, ko da huɗu, tun da babu wanda ya rubuta ranar da aka haife ni. Ita kuwa an rubuta tata. Ni na rubuta, ga ta nan a sama. Ko don wannan layi kaɗai, shekara ukun da na yi ina zama a bencin yara a ajin yamma ba ta tafi a banza ba.

Alhamis, 9 ga Satumba

Wani farin cikin kuma, tun na farko bai sake ni ba. Ibu Nengah ta ofishin da ke ɗaukar ma'aikatan jirgin ruwa a birnin Mataram ta bugo wa Wadi waya. Jiragen 'yan yawon shaƙatawa sun fara tashi. Sunansa na cikin waɗanda za a mayar, ƙarshen Nuwamba. Sashensa na da, wurin gyaran kifi da nama.

Wata goma sha bakwai yana gida. Ya kafa teburin soyayyar shinkafa a bakin titi, babu mai saye. Ya koma jera ganyen taba a ɗakin gashi na mutane, da hannun da ke ciyar da mutum dubu uku a rana. A Yuli kuma cutar nan da ta tsayar da jiragen ta kwantar da shi kwana goma sha biyu, muna ajiye masa abinci a bakin ƙofa. Duk ya wuce.

Na tafi gidan aminina Amak Sahuri kusan da gudu. Ya hango ni daga rumfa ya ce, "Tsoho, a hankali, zaninka zai riga ka isowa." Na gaya masa. Ya ce, "To, jirgi ya tashi, jika ta zo, saura haƙoranka su dawo." Shekara hamsin ke nan bakinsa bai gyaru ba.

Laraba, 15 ga Satumba

An kashe wutar jego, an raɗa suna. Kirana.

Shekara talatin da ɗaya ana kirana Amak Wadi, wato baban Wadi. Daga yau Papuk Kirana nake, kakan Kirana. Matata ta gwada sunan a bakina sau uku tana dariya, ta ce ya yi mini yawa kamar hular aro.

A nan gaban mutane na faɗi abin da na daɗe ina riƙewa. Dagaci ya yarda a koma yin biki, in ba a cika taro ba. Za mu yi askin Kirana cikin watan Mauludi, biki na farko a unguwar nan tun da aka hana. Na ce a wannan biki ba ni ne ran ba, wato shugaban masu girki. Shekara ashirin da shida ina shugabantar tukwanen bikin garin nan, babu aure ko rasuwar da ban ɗanɗana miyarsu ba. Na ce wannan karon ludayi na Wadi ne, ku ci daga hannunsa kafin Turawa su sake ƙwace shi. Aka yi shewa.

Wadi ya ce, "Baba, da ka bari dai." Kunya ce. Uwarsa ya ɗauko.

Litinin, 20 ga Satumba

Na sayi akuya. Baƙa, mai farin goshi.

Asabar, 25 ga Satumba

Wani abu ya faru, ban san inda zan ajiye shi ba.

Ina gasa daddawar jatan lande a bayan madafi. Mun rufe ƙofar ɗakin jaririya saboda warinta, kowa ya san gida uku take cikawa. Wadi ya zo ta bayana ɗauke da Kirana, ya tsaya daidai inda hayaƙin ke bugunsa. Yarinya ta fara atishawa. Ya ce, "Baba, me kake gasawa?"

Na ɗauka wasa ne. Na ɗaga kai. Ba wasa a fuskarsa. Da ya leƙa ya ga abin da ke kan garwashi sai ya yi dariya, ya ce hankalinsa na wani wuri, ya juya da sauri.

Yanzu nake tunawa. Tun Yuli ba ya ƙara abinci. Barkono yake zubawa kamar mai fushi da harshensa.

Lahadi, 26 ga Satumba

Bayan sallar asuba na same shi a rumfa, Kirana a ƙirjinsa, ya kifa hanci a tsakiyar kanta yana jan numfashi. Ya daɗe a haka. Na zauna. Ban tambaye shi ba, shi ya tambaye ni.

"Baba, yaya ƙamshinta yake?"

Na ce kamar shinkafar da aka sauke yanzu, da ɗan nono. Ya gyaɗa kai kamar wanda aka yi wa kwatancen garin da bai taɓa zuwa ba.

Tun cutar. Ba ƙamshi, ba wari. A harshe yana jin gishiri da zaƙi sama-sama, sauran duk kamar yana tauna auduga. Murni kaɗai ta sani. Ya ce wasu nasu ya dawo cikin wata guda, wasu har yanzu.

Na ce to jirgin fa? Ya ce likitocinsu ido suke dubawa, da jini, da ƙirji, da haƙora. Babu mai duba hanci. Ya ce a can komai da sikeli da takarda, nama da kwanan wata a jikinsa, ɗakin sanyi da ma'auninsa. "In na buɗe baki za su goge sunana, Baba. Mutum nawa ne a layi a bayana?"

Na ce bikin fa? Ya ce, "Ai na ce ka bari."

Ba zan iya karɓe ludayi ba. Na miƙa shi gaban mutum arba'in. In na karɓe za a tambayi dalili, kuma maganar garin nan ba ta kwana ba ta isa Mataram ba.

Alhamis, 30 ga Satumba

Mun sami dabara. Shi zai dafa, ni zan ɗanɗana a ɓoye, in rubuta. Ban taɓa auna komai ba a rayuwata, tafin hannu da harshe ne ma'aunina. Yanzu ga ni da cokali da fensir. Miyar zuciyar ayaba, tukunyar mutum hamsin: gishiri cokali kaza, citta kaza, madarar kwakwa kwano kaza. Mun gwada a ƙaramar tukunya sau huɗu. Ta huɗu ta yi daidai.

Hannunsa kuwa, tabarkalla. Wuƙa a hannunsa ba a ganinta, sai dai a ji ƙararta. Na ji daɗi yau. Na ce a raina ashe abin ba wani abu ba ne.

Laraba, 6 ga Oktoba

Wadi ya dawo daga gwajin likita. Ya ci. An yi masa allurar rigakafi ta biyu.

Juma'a, 15 ga Oktoba

Mun ɗan yi musu kan kaji. Mu dai da asubar ranar biki muke yanka kajin ebatan, a dafa, a daddatsa, a cuɗa da kwakwa, a ci kafin azahar. Wadi ya ce wannan wahalar banza ce, mutane na aiki a gigice cikin duhu. Za a yanka ranar Asabar, a gyara a natse, a zuba a firizar da zai aro daga shagon ƙanƙara. "Haka muke yi a jirgi, Baba. Naman wata guda muke ɗauka."

Na so in ce nan ba jirgi ba ne. Amak Sahuri na wurin, shi ne mataimakina a tukwane tun farko, yanzu na Wadi. Ya dube ni yana jira. Ran ya yi magana.

A hanya ya ce mini, "Mun tsufa, mutumina. Yanzu kaza ma sai ta kwana a otal."

Asabar, 23 ga Oktoba

Kaji talatin, an gyara, an zuba. An kafa murahu shida. Mata na ta kankare kwakwa tun safe. Da la'asar na bi kayan haɗi ɗaya bayan ɗaya kamar mai wucewa, na lasa kowanne. Daidai.

An ɗauke wuta bayan la'asar. Har na rufe littafin nan ba ta dawo ba.

Gobe jikata za ta shiga masallaci a hannuna.

Lahadi, 24 ga Oktoba

An yi. Na ɗauke ta na zaga da ita gaban malamai da dattawa, kowa ya yanki ɗan gashi ya shafa mata ruwan fure, ana ta salati. Ba ta yi kuka ba sai a wurin dagaci, kowa ya yi dariya. Ni ne na yi kukan.

Niyyata in koma wurin tukwane kafin a zuba. Amma tun safe aka janye ni, a sa mini riga, a naɗa mini zani, ka zauna nan Papuk, ka gaisa da wancan Papuk. Miyar ayaba da naman akuya na ɗanɗana su tun asuba. Ebatan shi ake cuɗawa daga ƙarshe. Da na fito daga masallaci tire-tire sun riga sun tafi, kowanne da jan murfinsa.

Ni ban ci ba, murna ta cika mini ciki. Murni ma ba ta ci ba, masu jego ba sa cin yaji.

Kowa ya yaba. Wani ya ce da gani hannun waje ne.

Litinin, 25 ga Oktoba

Mutum goma sha tara. Amai da gudawa. Tun asuba babura ke kai mutane ƙaramin asibiti.

Talata, 26 ga Oktoba

Talatin da ɗaya. Yara shida a ciki. Duk wanda ya ci ebatan.

Mai shagon ƙanƙara ya ce wuta ba ta dawo ba sai gab da asuba ranar Lahadi. Kenan kajin sun kwana a akwati mai ɗumi, sannan sanyi ya dawo ya rufe su. Wadi ya ce ya buɗe, ya sa hannu, ya ji sanyi, ya duba launi. Duk abin da aka koya masa ya yi, ban da ɗaya.

Yana zaune a bayan ɗakin gashin taba tun jiya. Uwarsa ta kai masa abinci, kaji suka cinye.

An wuce da Amak Sahuri babban asibiti. Dama yana da ciwon suga.

Juma'a, 29 ga Oktoba

Bayan sallar Juma'a dagaci ya ce a tsaya. Jami'in lafiya na gunduma ya zo da takarda, yana son sunan wanda ya shugabanci girkin. Na ga Wadi yana shirin miƙewa a sahu na uku. Na riga shi.

Na ce ludayi a baki kawai na miƙa, ni na ci gaba da riƙewa. Na ce ni na buɗe firiza, ni na shinshina, ni na ce a cuɗa. Na ce tsufa ne. A cikin masallaci na faɗi wannan, ranar Juma'a, cikin watan Mauludi. Allah Ya gani.

Jami'in ya ce in sa hannu ko in dangwala. Na sa hannu. Ban taɓa jin haushin iya rubuta sunana ba sai yau.

Babu wanda ya zage ni. Gara a ce sun zaga. Wani dattijo ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka huta haka nan, Papuk, ka yi mana da yawa." Shi ke nan shekara ashirin da shida.

Matata ta gama ninke kaya. Sannan ta ce, "Kai da kake jin tukunya ta kama daga gonar taba." Ta fita.

Litinin, 1 ga Nuwamba

Na je duba Amak Sahuri. Mutum ɗaya ake bari, da takunkumi. Ya zube. Ƙafafunsa sun kumbura, an ce ƙoda ce.

Ya buɗe ido ya ce, "Wa nake gani, ɓarawo ko likita?" Na sauke takunkumin kaɗan. Ya ce, "Mayar, mayar, ya fi maka kyau."

Na fara ba shi haƙuri. Ya ɗaga yatsa.

"An kawo mini labarin huɗubarka. Ƙarya ba ta karɓe ka ba, tsoho. Ni ne na ɗauko kajin daga akwati. Kana can ana naɗa maka zani."

Na ce to ka ji warin?

"Na ji. Mu huɗu muka ji. Muka dubi juna, muka dubi yaron. Ya shinshina ya ce a cuɗa. Wa zai ce wa ran naman nan ya juya? Ka taɓa yarda an ce maka? Na ce a raina wataƙila haka naman sanyi yake, shi da ya dafa wa Turawa ya fi ni sani. Muka ƙara lemun tsami."

Na ce to don me ka ci, kai da ka ji?

"Girkin ɗanka na farko? In ƙi ci a gaban mutane?" Ya rufe ido. "Sau biyu na ƙara."

Da zan tafi ya riƙe hannun rigata. Ya ce, "Yaron ba ya jin wari, ko?" Na gyara takunkumina. Ya ce, "Mutum nawa ka ce jirgin ke ɗauka?"

Laraba, 3 ga Nuwamba

Sauran duk sun koma gida. Yaran sun warware. Saura Amak Sahuri.

Juma'a, 5 ga Nuwamba

Amak Sahuri ya rasu da safe. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Lahadi, 7 ga Nuwamba

Ba na son rubutu.

Asabar, 13 ga Nuwamba

Sadakar kwana tara. Daga ƙauyen gaba aka ɗauko ran. Yaro ne a sana'ar, miyarsa ta yi ruwa. Aka zaunar da ni cikin baƙi, a gidan da na fi sanin inda kowace tukunya take. Da aka buɗe tire, na kusa da ni ya jira in fara ci. Ban san ko girmamawa ce ba, ko so yake ya ga abin da hancina zai ce.

Sahuri, babban ɗan marigayin, ya gaishe ni da hannu ɗaya.

Wadi ya ɗauki itace, ya ɗebo ruwa, ya wanke tukwane har aka watse. Mutane na cewa Allah Ya yi wa yaron nan albarka, yana wanke laifin ubansa.

Talata, 16 ga Nuwamba

Tikitin Wadi ya zo ta waya. Ashirin da bakwai ga wata. Jakarta, killacewa a otal, sannan jirgin sama zuwa inda jirgin ruwan yake.

Na kira shi bayan madafi bayan azahar. Na ce ka gaya wa Ibu Nengah. Ko ka gaya wa babban kukunku in ka isa, ya sa ka wani sashe, burodi ko wanke-wanke. Ya ce ba haka ake yi ba. Wanda ya ɓoye ciwo a takardar likita, a tashar farko ake sauke shi, kuma babu kamfanin da zai sake ɗaukarsa.

Na ce Amak Sahuri fa?

Ya ce, "Kana ganin ina barci? Kana ganin akwai ranar da ba na ganinsa yana miƙo kwano?" Ya ce a jirgi wuta ba ta ɗaukewa. Ya ce akwai ma'auni a kowace ƙofa, akwai mutum biyar a gefensa masu hanci, kuma can ba a jin kunyar gaya wa mutum namansa ya lalace. "Nan ne ake kashe mutum da kunya, Baba. Su huɗu suka ji, babu wanda ya buɗe baki. Wa ya koya musu haka?"

Ni na koya musu. Ban ce ba.

Na ce ranar da ma'aunin ya yi ƙarya fa, kai kaɗai a ɗakin sanyi? Ya ce, "To in zauna in ciyar da Kirana da me, ganyen taba?" Sannan ya ce, "Ka riga ka yi ƙaryar a masallaci. In ban tafi ba, don me ka yi ta?"

Wannan ita ce ta zauna mini.

Alhamis, 18 ga Nuwamba

Gaskiyarsa. Na juya maganar ta kowane gefe, gaskiyarsa. Mai yiwuwa ya yi wata tara a can ba abin da zai faru. Mai yiwuwa hancin ya dawo a hanya.

Murni na ɗinke masa aljihun jaka. Ba ta kallona.

Na gwada shi yau ba da saninsa ba. Na ajiye kan kifin shekaranjiya a ƙarƙashin bencin rumfa. Kyanwa ta zo daga gida biyu. Shi ya zauna a kai ya sha kofi har ya ƙare.

Litinin, 22 ga Nuwamba

Na ce wa matata zan je Mataram neman maganin gwiwa. Ta dube ni, ta ɗauko mini rigar da na sa ranar aski.

Ofishin na saman wani shago. Matasa cike da matakala, kowa da jakar takardu, wasu tun daga Sumbawa. Na bi ta tsakaninsu. Kowannensu ɗan wani ne.

Ibu Nengah ƙaramar mace ce, na ɗauka babba ce. Ta ce, "Bapak, ɗanka kake nema wa aiki?" Na ce a'a, ya samu. Na faɗi cikakken sunansa, Saparwadi. Ta yi murmushi ta ce yana cikin na kirkinsu, shekara tara ko gargaɗi ba a taɓa ba shi ba.

Na shirya magana mai tsawo a mota. Da na buɗe baki layi biyu ne suka fito. Ba ya jin wari tun Yuli. Mutum ya mutu.

Ta ajiye biro. Ta yi tambayoyi, na amsa, har da abin da na faɗa a masallaci. Ta ce ba za ta rubuta cewa ya ɓoye ba, za ta rubuta an ɗaga tafiyarsa saboda lafiya. In hancin ya dawo, likita ya tabbatar, ya sake shiga layi. "Amma layin kake gani, Bapak. Ba zan yi maka alkawari ba." Sannan ta ce, "Ya san ka zo?"

Na ce zai sani.

Kafin in sauko ta riga ta kira wani suna daga matakala.

Talata, 23 ga Nuwamba

Ibu Nengah ta bugo wa Wadi da safe. Ina rumfa. Ya saurara, ya ce to, ya ce na gode Ibu. Ya tsaya riƙe da wayar. Sannan ya zo gabana.

"Gwiwar ta yi sauƙi?"

Na ce Wadi, zauna.

"A'a, ina tambaya ne. Ka ce magani ka je nema." Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ka ba ni ludayi ban roƙa ba. Ka ɗauke mini laifi ban roƙa ba. Yanzu ka ɗauke mini aiki. Akwai abin da ya rage da za ka yi mini, Papuk Kirana?"

Bai taɓa kirana da sunan da mutanen waje ke kirana ba.

Murni ta shiga ɗaki da yarinya ta rufe ƙofa. Yau ba a kawo mini ita ba.

Juma'a, 26 ga Nuwamba

Na je wurin dagaci kafin salla, na gaya masa abin da na faɗa rannan ba haka ba ne, kuma ban faɗi laifin na wane ne ba. Ya ce, "Papuk, duk garin nan wa ka ɗauka bai sani ba?" Ya ce in bar maganar, an riga an rufe takarda.

Kenan dattijon da ya dafa kafaɗata ma ya sani. To.

Asabar, 27 ga Nuwamba

Yau ce ranar. Da yanzu Wadi yana Jakarta.

An yi ruwa tun safe. Ya ɗauki fartanya ya tafi gyara kunyoyin shinkafa, ya wuce ta gabana kamar ya wuce turke. Kwana huɗu ke nan. Murni na gaishe ni, gaisuwar da ba a jiran amsarta. Jakar na nan bayan ƙofa, ba a kwance ta ba. Ban san me za su ci bayan girbi ba. Ban san ko zai sake ce mini Baba ba.

Na gaya wa Ibu Nengah saboda mutum dubu uku na je. Haka na gaya wa matata. Haka nake gaya wa Allah. Ban san fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba.

Da magariba na fito alwala, na ga takalma a bakin ƙofa. Nawa, na matata, na Murni, da nasa, duk laka, ɗaya ya kife. Na sunkuya na daidaita shi. Na daɗe a sunkuye, har matata ta leƙo ta ce ko gwiwar ce. Na ce ita ce.

Na ci shinkafa kwano biyu. Rabona da haka tun kafin biki. Yunwa ce kawai.